Yadda za ka hau Wi-Fi ɗin kamfaninka a waje ba tare da ka ƙona data ba

Wasu kamfanonin intanet suna saka Wi-Fi a wuraren taruwar jama'a, in kana da rajista da su sai ka hau da akawun ɗinka, to in ka ci karo da irinsa a Samaru ko PZ ko wajen Kongo ga yadda ake yi.

Ka fara kashe datar wayarka tukunna, sannan ka kunna Wi-Fi ka duba sunan da kyau, wallahi nan ne ake cutar mutane, wani zai zauna a gefe da wayarsa ya buɗe hotspot mai suna kusan iri ɗaya da na kamfanin don ka zuba masa lambar sirrinka. Ka tambayi mai wurin ainihin sunan, tambaya ba ta ɓata komai.

Kana haɗawa wani shafi zai buɗe da kansa ya nemi lambar wayarka ko sunan akawun, wani lokaci su turo maka lamba ta tes ka kwafa. In shafin ya ƙi fitowa ka buɗe Chrome ka shiga kowane adireshi, zai ja ka can.

In ka ga 2.4GHz da 5GHz, na 5 ya fi gudu amma sai kana kusa, na 2.4 shi ke ratsa bango ya kai nesa.

Don Allah ɗan'uwa kar ka buɗe manhajar banki a kai, ka koma datarka in za ka tura kuɗi. In ka tashi tafiya ka fita daga akawun ɗin, ka shiga saitin Wi-Fi ka goge sunan don kar wayar ta riƙa hawa da kanta.