Darasi: Karanta wa ƙaramin yaro littafin hotuna mai amsa-amo

Wanda ya koyi karatu da girmansa yakan ji nauyin karanta wa yaro littafi. Yana gudun kada ya tsaya a tsakiyar layi yana haɗa baƙi. To, akwai littafin da wannan tsayawar ba ta ɓata shi. Shi ne littafin hotuna na yara 'yan shekara 1 zuwa 3, wanda aka tsara kalmominsa kamar waƙa.

Mene ne amsa-amo?

Amsa-amo shi ne layuka biyu ko fiye su ƙare da sauti iri ɗaya. Ku karanta wannan a fili:

Ga wata, ga tauraro,
Ga barci ya zo wa yaro.

Kun ji yadda "tauraro" da "yaro" suka amsa wa juna? Kunne yana kama wannan tun kafin ido ya san baƙi. Idan yaro ya ji layukan sau da yawa, da kun ce "ya zo wa…" kuka yi shiru, shi zai ƙarasa. Ku ma sautin layin farko yana nuna muku inda na biyu ya dosa, sai karatun ya zo da sauƙi.

Littattafan da suka daɗe

Irin waɗannan littattafai ba yau suka fara ba. A Ingila, a 1878, mai zane Randolph Caldecott ya fara ɗaukar tsofaffin waƙoƙin yara yana yi musu hotuna.

A Amurka, a 1947, aka buga Goodnight Moon na Margaret Wise Brown, da zanen Clement Hurd. Babu wani dogon labari a ciki. Ɗan zomo ne a kan gado cikin koren ɗaki, yana yi wa kayan ɗakin sai da safe ɗaya bayan ɗaya. Ana buɗe shafi, ɗakin yana ƙara duhu, agogo yana matsawa daga ƙarfe 7 har ya ɗan wuce 8. Akwai kuma ɗan ɓera da ke sauya wuri a hotunan masu launi. Manya sukan wuce ba su gan shi ba, amma yara da yatsa suke farautarsa. Yaron da aka karanta wa littafin yana ɗan shekara 3 a shekarar da ya fito, yau ya haura 80, kuma har yanzu ana buga shi.

A 1957 Dr. Seuss ya fitar da The Cat in the Hat da kalmomi 236 kacal, yana ta juya su. A 1960 ya sake wani da kalmomi 50. Na Bill Martin da Eric Carle kuwa, Brown Bear, Brown Bear, What Do You See?, ya fito a 1967: ana tambayar dabba abin da ta gani, amsar kuma ita ce dabbar da ke shafi na gaba.

A ganina, abin da ya raya su shi ne suna zama a ka. Uwar da aka karanta wa tana ƙarama, idan ta ɗauki littafin don 'yarta, sai ta tarar bakinta ya riga idonta.

Yadda za ku karanta

Ku fara karanta littafin ku kaɗai, a fili, har bakinku ya saba. Sannan ku ɗora yaron a cinya yadda zai ga hoton sosai. Ku riƙa bin rubutun da yatsa. Kada ku yi sauri, sannu ba ta hana zuwa. Idan kun iso kalmar ƙarshen layi, ku dakata, ku dube shi, ku ba shi lokaci. In ya faɗa daidai, ku yaba masa. In ya faɗi wata kalma mai irin sautin, kada ku gwale shi, domin kunnensa ya kama abin da ake so.

Zai ƙwace littafin, zai tsallake shafi, zai kai shi baki. Duk ba laifi ba ne. Zai kuma ce a sake, gobe ma a sake, har ku gaji. Ku daure, da maimaicin yake koyo, ku ma karatunku yana ƙara ƙwari. Minti 5 ya isa idan hankalinsa ya tafi wani wuri.

Zaɓe da adanawa

Ku nemi mai shafukan kwali masu kauri, da manyan baƙaƙe, da layi ɗaya ko biyu a shafi. Idan fassara ce, ku karanta shafi biyu a fili kafin ku ɗauka, domin sau da yawa amsa-amo yakan ɓace wajen fassara. Ku ajiye shi nesa da danshi da gara, ku liƙe shi da zarar ya fara yagewa. A cikin bango ku rubuta sunan yaron da shekarar, ku bar fili a ƙasa don sunan wanda zai gada.

Aiki

1. Ku rubuta kalmomi uku da ke amsa wa "rana".
2. Ku ƙarasa: "Ga tsuntsu a kan reshe, / ______."
3. Ku karanta wa abokin zamanku layukan wata da tauraro, ku dakata kafin kalmar ƙarshe, shi ya ƙarasa.