Ga masu horar da 'yan ƙwallo: yadda za ku auna wahalar wasa ba tare da na'ura ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa kociyoyi. Waccan 'yar shara baƙa da kuke gani 'yan wasan Turai na sawa a ƙarƙashin jesi, na'urar GPS ce ke maƙale a bayanta, tsakanin kafaɗu. Tun 2015 aka amince a sa ta a wasan gasa. Da irinta ake gane cewa babban ɗan wasa kan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a minti 90, 'yan tsakiya su suka fi shan wuya.

Mu nan ba mu da kuɗinta, amma littafi da biro sun isa. Bayan an tashi wasa da kamar rabin awa, ka kira yaro shi kaɗai, ka tambaye shi: daga 1 zuwa 10, yaya wahalar yau? Kada ka tambaya a gaban abokansa, domin kowa so yake a ce shi jarumi ne, sai ya ce 4 alhali ƙafarsa na rawa. Ka ninka lambar da mintunan da ya buga. Ya ce 8, ya buga minti 70, ka rubuta 560. In jimillar wannan mako ta zarce ta makonnin baya nesa ba kusa ba, ka sassauta masa atisaye kafin tsoka ta tsinke.

Lokacin zafin Afrilu kuma, ku ari sikeli ku auna nauyin 'yan wasanku kafin wasa da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, a mayar da ita a hankali kafin dare.