Yadda nake jan rosta idan wata daga Wudil take zuwa, wata kuma bayan katanga take

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗakin kwanciyar mata a wani asibiti cikin birnin Kano, kuma duk wata ni ke zama da fensir da rula in ja rosta, wato jadawalin wa zai yi aiki yaushe. Mu nas-nas goma sha ɗaya ne. Biyu daga Wudil suke zuwa, ɗaya daga Bichi, ɗaya daga Kura, sauran 'yan cikin gari ne, har da wadda daga tagar ɗakinta ake hango katangar asibitin. Duti uku muke yi: na safe daga 8 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 9, na dare daga 9 har 8 na safe.

A da kukan nisa bai yi yawa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi sahu, rosta ta koma abin faɗa. Ga yadda nake yi yanzu, bayan na sha tuntuɓe.

Kafin ki ja layi ko ɗaya, ki tambayi kowa mota nawa take hawa, kuma ƙarfe nawa ta ƙarshe ke tashi. Kilomita ba ta faɗin gaskiya. Ta Wudil mota ɗaya ce ke sauke ta cikin gari, sai Adaidaita Sahu. Wata kuwa a bayan Dawanau take, a takarda 'yar gari ce, amma hawa uku take yi, ga cunkoson Kurna da safe. Acaɓa dai tun 2013 aka hana shi a Kano, a 2022 kuma gwamnati ta hana Adaidaita yawo daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Wadda ta miƙa aiki ƙarfe 9, ta tsaya bayanin mara lafiya mai jini har 9 da rabi, ki faɗa mini yadda za ta isa Bichi.

Sai ƙa'idar da ba na taɓawa: nauyi daidai ake raba shi. Yawan dare, yawan Asabar da Lahadi, ranakun Sallah da Kirsimeti, kowa lissafinta ɗaya, ko daga ina take zuwa. Abin da nake lanƙwasawa jerin kwanakin ne kaɗai. Na koyi wannan da zafi. Wata shekara tausayi ya ɗebe ni na rage wa 'yan nesa dare biyu-biyu, ban shawarci kowa ba. Kwana uku da liƙa takardar, wata dattijuwar sista da ta girme ni a aiki ta same ni a ofis, ta ja ƙofa. "Matiron, ni laifina shi ne maigidana ya kama haya kusa da asibiti?" Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, ban duba ta nan ba." Ta ce, "To ki duba." Da na buɗe littafi na ga a wata huɗu an kira ta sau tara ta cike gurbin wasu, don kawai tana kusa, kuma ba a taɓa mayar mata da yini ɗaya ba.

Daga ranar, duk wadda aka taso daga gida a ranar hutunta, ana rubuta mata of, wato hutu, na ramuwa, ta ci shi cikin wata mai zuwa. Littafin a kan tebur yake, kowa na iya buɗewa.

Wajen jera kwanaki, kada ki taɓa sa wa 'yar nesa yamma yau, safe gobe. Ta isa gida kusan sha ɗaya, ta yi wa yara shirin makaranta, ta fito bayan asuba; wannan ce za ki miƙa wa sirinji? Gaskiya ko 'yar kusa ba na yi mata haka sai dole. Dutin yamma shi ne ƙashin wuyan na nesa, dare kuwa ya fi musu sauƙi, don da rana za su fito, da rana za su koma. Shi ya sa nake haɗa musu darensu a jere, su kwana a ɗakin hutawa ko gidan 'yan uwa, kuɗin mota ya ragu. Yammar da ta faɗo musu kuma, nakan sa ta gab da ranar of, ko su yi musaya da mai son safiyarta saboda kai yara makaranta ko zuwa Islamiyya.

Musaya na da sharaɗi: su biyun su zo tare, su sa hannu, kuma duti ya tafi a madadin duti. Na hana biyan kuɗi, don ƙananan ma'aikata ne kullum ke ƙarewa da sayar da barcinsu. Ki kuma lura kada musaya ta bar miki sababbin nas biyu su kaɗai da dare.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, motoci ba sa zirga-zirga da safe, sai in sa 'yan kusa, in rubuta musu a littafi. Da azumi sistocinmu na Sabon Gari kan karɓi yamma mu sha ruwa a gida, mu kuma mu riƙe musu Kirsimeti da Ista.

Rosta nakan liƙa ta mako biyu kafin sabon wata, da fensir. Kwana uku nake bayarwa na ƙorafi, kuma a gaban kowa ake yin sa lokacin miƙa aiki, ba na karɓar na WhatsApp da tsakar dare. Rana ta huɗu sai in bi ta da biro.