Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa bayanin ayyukan gado a Sphinx

Sphinx, manhajar haɗa littattafan jagora wadda Georg Brandl ya fitar a 2008, tana da sashen autodoc da ke tsamo bayanin da mai shirya manhaja ya rubuta a cikin kod ɗin Python ya mayar da shi littafin jagora. Matsala takan taso ne idan aji (class, wato rukunin kod mai ɗauke da ayyukansa) ya gaji ayyuka daga wani aji.

Da yawa suna zaton umarnin :members:, mai jero ayyukan aji a shafi, zai kawo har ayyukan da aka gada. Ba ya kawowa, haka ma :show-inheritance:, wanda sunan ajin asali kawai yake nunawa. Wanda ake bukata shi ne :inherited-members:. Sai dai da zarar an sa shi kara zube, shafin yakan cika maƙil: ajin da ya gaji list, ajin jerin abubuwa na Python, zai bayyana da append, pop, sort da sauransu, har aiki biyun da marubucin ya ƙara su ɓace a tsakiya. Tun daga Sphinx 3.0 ana iya faɗin inda gadon zai tsaya, a rubuta :inherited-members: list, kuma daga 5.0 ana jera sunaye da yawa da waƙafi a tsakaninsu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda yake faruwa shiru. Saitin autodoc_inherit_docstrings a kunne yake tun asali, saboda haka idan aji magaji ya sake rubuta wani aiki bai ba shi bayani ba, Sphinx za ta ɗauko bayanin ajin asali ta liƙa masa. A ce aikin save na ajin asali yana ajiye bayanai a fayil, magajin kuma yana tura su ta intanet. Mai karatu zai ga an rubuta fayil, ya yarda, ya gina aikinsa a kan abin da ba haka ba ne. Babu gargaɗin da zai fito lokacin haɗa littafin. Kashe saitin a conf.py, fayil ɗin saitunan Sphinx, yana tona giɓin, domin ayyukan da ba su da bayani za su fita daga shafin sai an sa :undoc-members:, amma maganin gaskiya shi ne duk aikin da halinsa ya sauya a rubuta masa bayaninsa, ko da layi biyu ne.

Akwai kuma masu tace ayyuka ta autodoc-skip-member, inda kod ɗinsu ke yanke hukuncin a tsallake aiki ko a nuna shi, waɗanda ke mayar da False ga duk abin da ba su yi niyyar ɓoyewa ba. A nan False tilastawa ce a nuna, shi ya sa ɓoyayyun ayyuka masu farawa da ƙaramin layin ƙasa (_) suke ɓullowa. A mayar da None, sai Sphinx ta bi hukuncinta na asali. Idan kuwa suna ɗaya ko biyu ne ake son cirewa, :exclude-members: ya wadatar.