Darasi na Bakwai: Shiga Manhajar Kamfani da Sanin Hanyoyinta

Tun daga 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a jihar Kebbi, harkar shinkafa ta ƙara girma a wannan yanki. A 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Inda kaya suka yi yawa haka, babban littafin sito ba ya iya ɗaukar lissafi. Shi ya sa yau idan ka nemi aikin sito, ko na sikeli, ko na kashiya a babban kamfani, za a tambaye ka: ka iya kwamfuta? Wanda ya iya karanta wannan shafi zai iya koyon abin da suke nufi.

Manhajar kamfani tsari ɗaya ce da kowane sashe ke aiki a cikinta. Mai sikeli ya auna shanshera ya rubuta nauyinta, nan take mai sito zai ga kaya sun ƙaru, akanta zai ga kuɗin da za a biya mai kayan, manaja kuma zai gani ko da yana Legas. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Akwai SAP, ta wani kamfanin Jamus da aka kafa a 1972. Akwai Odoo ta ƙasar Beljiyam, akwai Sage, akwai Microsoft Dynamics. Fuskarsu ta bambanta, amma hanyar shiga kusan ɗaya ce. Za mu yi misali da SAP.

Ƙofar shiga

Idan ka buɗe manhajar, za ka ga gurabe huɗu, an rubuta sunayensu da Turanci. Na farko Client: lamba ce mai alƙaluma uku, kamfani ne zai ba ka ita, kuma sau da yawa za ka tarar an riga an cika. Na biyu User: sunan shigarka ke nan. Na uku Password: kalmar sirrinka. Na huɗu na harshe ne, inda ake rubuta EN don Turanci. Ka cika su, ka danna Enter. A Odoo gurabe biyu ne kawai, adireshin imel da kalmar sirri.

Lokacin da kake rubuta kalmar sirri, haruffan ba za su fito ba, sai taurari ko ɗigo-ɗigo. Kwamfutar ba ta lalace ba, an yi haka ne don kada na kusa da kai ya karanta. A nan sabon shiga ya fi tuntuɓe, saboda haka mu ɗan tsaya. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin kalmar sirri. Kafin ka fara, duba madannin Caps Lock, idan fitilarsa tana kunne ka kashe ta. Ka lura kuma da sifili da harafin O, da lamba 1 da ƙaramin harafin l, don suna kama da juna. Idan ka yi kuskure sau biyu, dakata. Kada ka yi ta cankar kalma, domin manhajar tana rufe sunan wanda ya yi ta kuskure a jere, sai ma'aikacin kwamfuta na kamfanin ya buɗe.

Ranar farko, kalmar sirrin da aka ba ka ta wucin gadi ce. Manhajar za ta nemi ka zaɓi taka, ka rubuta ta sau biyu. Kada ka sa sunan ɗanka, ko lambar wayarka, ko 123456. Haɗa haruffa manya da ƙanana da lambobi, abin da kai kaɗai za ka tuna.

Karanta wannan hira da ƙarfi, kai da abokin zamanka:

"Malam, yaron da muke aiki tare ya ce in ara masa kalmar sirrina ya shigar da tirela ɗaya, nasa sunan ya rufe."

"Hajiya, kin ba shi?"

"A'a, na ce sai na tambaya. Amma na ji nauyi, ɗan ƙanwar maigidana ne."

"Kin kyauta. Ki ce masa ya je wurin ma'aikacin kwamfuta a buɗe masa. Idan kuma aikin na gaggawa ne, ya kawo takardar ki duba, ki ga kayan da idonki, ki shigar da kanki."

Abin da malamin ya faɗa shi ne ƙashin bayan wannan darasi. Duk abin da aka shigar, manhajar tana ajiye sunan wanda ya shigar, da rana, da lokaci. A littafin takarda kana sa hannu, a nan sunan shigarka ne sa hannunka. Idan aka rubuta buhu 600 alhali 560 suka sauka, ranar da masu binciken kuɗi suka zo ba za su nemi wanda ya zauna a kujerar ba, mai sunan za su kira. Mun san kunya da zumunci suna da ƙarfi a wurinmu, kuma abu ne mai kyau. Amma wannan amana ce da aka damƙa maka kai kaɗai. Ko shugabanka bai kamata ya nemi kalmar sirrinka ba, yana da tasa.

Bayan ka shiga

Manhajar kamar babban gida ce: ka wuce zaure, amma ba kowane ɗaki aka ba ka makullinsa ba. Mai sito ba zai iya buɗe shafin albashi ba. Idan ka ga saƙon da ke cewa ba ka da izini, ba laifi ka yi ba, wurin ba na aikinka ba ne.

A gefen hagu akwai jerin sassa. Ka danna ƙaramar kibiyar da ke gaban kowanne, sai ya buɗe abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma gajeriyar hanya: a sama, ɓangaren hagu, akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta lambar aiki. Mai sito ya riƙe biyu tukuna. MIGO ta shigar da kayan da suka iso ce, MMBE ta duba abin da ya rage a sito. Idan kana cikin wani aiki kana son tsallakawa zuwa wani, ka fara rubuta /n, misali /nMMBE, amma ka sani abin da ba ka adana ba zai tafi. Madannin F3 yana mayar da kai baya. F4 yana nuna jerin abubuwan da za a iya sawa a gurbin da kake, don haka ba sai ka haddace lambar kowane kaya ba. F1 yana bayanin gurbin.

Yanzu kai idonka can ƙasan allo. Akwai layi siriri inda manhajar ke yi maka magana. Alamar kore tana nufin an karɓa. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, ka sake dubawa. Ja yana nufin akwai kuskure, ba za ta wuce ba sai an gyara. Mutane da yawa ba sa kallon wannan layi, sai su yi ta dannawa. Idan Turancin ya yi maka nauyi, kwafe saƙon a takarda harafi bayan harafi ka nuna wa wanda ya sani.

Lambobi suna bukatar natsuwa

A wasu kwamfutocin an saita SAP da salon Jamusawa, inda ɗigo ke raba dubbai, waƙafi kuma ya raba ɓarin lamba. A irin wannan saiti, 1.500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, 1,5 kuma na nufin ɗaya da rabi. Ka tambayi wanne aka saita maka tun ranar farko. Ka duba ma'auni kuma: kilo ne, ko buhu, ko tan? Tan ɗaya kilo 1000 ne, wato buhu 20 masu kilo 50. Wanda ya rubuta 30 a gurbin tan yana nufin buhu 30, ya shigar da buhu 600.

Irin wannan kuskure ba a goge shi. Da zarar ka tabbatar da shigarwa, sai dai a yi wata shigarwar da za ta soke ta farko, kuma duka biyun za su zauna a tarihi. Saboda haka ka gwada abin da ke allo da takardar direba kafin ka danna. Bayan ka tabbatar, lambar shaida za ta fito a layin ƙasa, ka rubuta ta a jikin takardar. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke kafin ka ga lambar, kada ka sake shigarwa da an dawo. Fara duba MMBE ka ga ko kayan sun riga sun shiga, don kada tirela ɗaya ta zama biyu.

Idan za ka tashi salla ko cin abinci, danna madannin Windows tare da L, allon zai kulle. Idan an tashi aiki, je System a sama, zaɓi Log Off.

Aikin gwaji

Zana gurabe huɗu na ƙofar shiga a littafinka, ka rubuta da Hausa abin da ake sawa a kowanne. Kada ka rubuta kalmar sirrinka ta gaskiya. Sannan ka lissafa: tirela ta kawo buhu 500 masu kilo 50, tan nawa za ka shigar? Daga nan ku zauna bibbiyu, ɗaya ya roƙi aron kalmar sirri, ɗayan ya ƙi cikin ladabi ya faɗi dalilinsa, sai ku sauya. Wanda ya riga ya fara aiki ya tambayi shugabansa ko kamfanin yana da sashen gwaji a manhajar, inda ake koyo ba tare da taɓa lissafin gaskiya ba, ya zo mana da amsa a zama na gaba.