Ka karanta sunan gari har wutsiya kafin ka yanki tikiti

Duk wanda ya sauka Ingila kwanan nan, don Allah kafin ka yanki tikitin jirgin ƙasa ka karanta sunan garin har ƙarshe, su ma gari biyu ko uku sai su ci suna ɗaya, kamar yadda muke da Tudun Wada a Kano da Kaduna da Zariya, wutsiyar sunan ce ke raba su. Ni a watana na farko wani ɗan uwa ya ce in same shi a Newcastle, na yi awa uku a jirgi daga Landan, ashe shi yana Newcastle-under-Lyme can kusa da Stoke, ni kuma ga ni a Newcastle upon Tyne ina ta buga waya cikin sanyi. Tyne ɗin sunan kogin da garin ke bakinsa ne. Newcastle kuwa kusan Sabon Birni ke nan, daga gidan yaƙin da aka kafa a wurin a 1080.

Haka Stratford, akwai ta cikin Landan, akwai Stratford-upon-Avon. Abin dariya shi Avon a tsohon yaren mutanen ƙasar ma'anarsa kogi kawai, har yau a Wales afon suke ce wa kogi, wato in ka ce kogin Avon ka ce kogin kogi ke nan, shi ya sa Avon ɗin ma ba ɗaya ba ne.

Da ka gane ƙarshen suna taswira za ta fara yi maka magana. Ford mashigi ne, Oxford da ake ta ji da ita mashigin shanu ce kawai. Mouth bakin ruwa ne, Plymouth tana inda kogin Plym ya faɗa teku, sai ka tafi da rigar sanyi mai tare iska. Chester da caster sansanin sojan Rumawa ne, irin su Manchester da Lancaster. By ƙauye ne a bakin 'yan Viking, mutanen arewacin Turai da suka shigo ƙasar a zamanin da, shi ya sa Grimsby da Whitby suke gabas inda suka fi zama.

Sai yadda ake faɗar sunan. Leicester Lesta ake cewa, Worcester kuma Wusta, in ka bi harafi harafi mai sayar da tikiti zai tsaya yana kallonka, gara ka nuna masa a waya haɗe da foskod ɗin gidan, wato lambar adireshinsa.