Sabon zuwa Ingila, kada kunya ta hana ka neman takarda

Juma'ar da ta wuce, ina fitowa daga masallaci wani yaro ɗan Katsina ya tare ni a wajen takalma. Watansa biyu da sauka Manchester. Ya ce, "Yaya, don Allah ina da magana." Tun kafin ya kai ƙarshe na san inda zancen ya dosa: ya biya kuɗin ɗaki, babu rasit, babu yarjejeniya, yanzu an ce ya kwashe kayansa. Shi ne na huɗu da ya zo mini da irin wannan a bana. Abin da ya same ni ke nan a 2019, kuma raina yana ɓaci in ga ana ta faɗawa ramin da muka riga muka faɗa.

Ƙananan abubuwan ba za su ba ka wahala ba. Layin waya a shagon unguwa za ka saya. Lambar inshorar ƙasa ta ma'aikata a intanet ake nema, kyauta ce, kada ka ba kowa ko sisi, kuma za ka iya fara aiki kafin ta iso muddin kana da izinin aiki. Rajista da likitan unguwa ma kyauta ce. Ka yi ta tun kana da lafiya. In ciwo ya taso da dare ka kira 111, in rai ne a hannun Allah 999. Naman halal da garin tuwo, ka je unguwar Cheetham Hill ko Longsight a nan Manchester. Sanyi kuwa ka sayi riga mai kauri guda ɗaya ta ƙwarai, ka kuma shirya ganin magariba kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Duk wannan cikin mako biyu ka saba.

Maganar gida ce mai zafi.

Da na zo, dillalan gidaje sun ƙi kula ni. Suna son mai tsaya mini wanda ke zaune a ƙasar, suna son takardar albashi, suna son shaidar tsohon mai gidana, ni kuwa ko asusun banki ban buɗe ba. Ana cikin haka aka haɗa ni da wani mutumin ƙasarmu. Ya tarbe ni hannu bibbiyu, ya sa aka yi mini tuwo da miyar kuka, muka yi isha'i tare. Ya nuna mini ɗaki a sama, fam 400 a wata, da fam 600 na ajiya. Na ƙirga masa dubu ɗaya cif a hannu. Wallahi maganar rasit ta zo mini har bakina, na haɗiye ta. Mutumin da ya girme ni, na ci abincin gidansa, ta yaya zan ce ya rubuta mini? Sai na ga kamar na ce masa ɓarawo.

Wata huɗu ina zaune. Ina ganin wasiƙu suna faɗowa ta ramin ƙofa da sunan da ban sani ba, wasu da jan rubutu, ban tambaya ba. Wata safiya a watan Janairu aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga wata mata da takardu a hannu, ta ce gidanta ne. Ashe mutumin nan shi ma ɗan haya ne, ba shi da izinin saka kowa, kuma ya daɗe bai biya ba. Ta tambaye ni shaidar cewa ina zaune a nan da izini. Na shiga ɗaki na zazzage jakata a kan gado, fasfo, takardar makaranta, tikitin jirgi, babu ko ƙyallen takarda mai ɗauke da adireshin gidan. Wayarsa a kashe. Fam 600 ɗina har yau. Na yi mako uku ina kwana a falon wani bawan Allah ɗan Zariya, akwatina a bayan kujera, ina jiran yaransa su tafi makaranta kafin in shiga wanka.

Daga baya na gane abin da ya fi asarar kuɗin ciwo: doka tana tare da ni tun farko, ni ne ban sani ba. Tun watan Yuni 2019 an hana mai gida a Ingila karɓar kuɗin ajiya da ya wuce hayar mako biyar a gidaje irin namu. A haya ta fam 400, bai kamata ya wuce kusan fam 460 ba. Kafin alƙalami na riƙe maka ɗaki ba ya wuce hayar mako ɗaya. Kuɗin ganin gida, kuɗin cike fom, duk haramun ne a doka. Shi kansa kuɗin ajiyar ba aljihunsa zai sa ba. Dole cikin kwana 30 ya kai shi ɗaya daga hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, Deposit Protection Service, MyDeposits ko Tenancy Deposit Scheme, ya kuma ba ka shaida a rubuce. In bai yi ba, kotu na iya sa ya biya ka har ninki uku. Sai dai ka lura, in mai gidan yana zaune tare da kai kuna haɗa kicin ko banɗaki, wannan kariyar ta kai kuɗin ajiya hukuma ba ta hau kanka ba, kuma fitar da kai ba ta da wuya. Sikotland da Wales kuma kowa da nasa tsarin.

Saboda haka kafin kwabo ya fita daga hannunka, ka ga ɗakin da idonka, zuwa da kai ya fi aike. Hoton Facebook ba ɗaki ba ne. Ka san wane ne mai gidan na gaskiya: da fam 7 hukumar rajistar filaye za ta nuna maka sunansa a intanet. In wanda ke ba ka ɗakin ba shi ne mai sunan ba, ya nuna maka izinin mai gidan a rubuce. Mai gida na gaskiya shi ma zai bincike ka, zai nemi lambar nan da ake ce wa share code don ya tabbatar kana da izinin zama, tunda doka ta ɗora masa haka tun 2016. Wanda ya ce maka "bar wannan, ai mu 'yan'uwa ne", ka ji tsoronsa. Ka biya ta banki, ka rubuta "haya" da sunan watan a jikin turawar. Ranar da ka tare, ka ɗauki hoton komai: bango, kafet, katifa, lambar mitar wuta da ta gas. Ka ja gado ka duba bayansa, don a nan fumfuna take ɓuya, kuma ranar tashi kai za a ce ka jawo ta. Ka nemi takardar duba lafiyar gas, wadda ake sabuntawa duk shekara. In kana da cikakkiyar yarjejeniya, babu mai ikon canza maka makulli ko watso kayanka waje sai da umarnin kotu.

Ni abin da ke ba ni mamaki, mu da muka tashi muna jin ayar bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta a kuma kafa shaidu, mu ne muke jin nauyin cewa a rubuta. A gida in ka kama haya akwai mai unguwa, akwai liman, akwai maƙwabta da suka san ranar da ka tare. A nan maƙwabcinka zai shekara bai san sunanka ba. Wa zai tsaya maka?

Wasiƙa mai ruwan ƙasa, irin ta hukuma, in ta zo, ka buɗe ta a ranar. Harajin ƙaramar hukuma ba ya kan ɗalibi mai cikakken karatu, amma sai ka kai musu shaidar makaranta, kuma da karatu ya ƙare zai hau kanka. In kai kaɗai ne babba a gidan ana rage maka kashi 25 cikin ɗari. Ɗalibin digiri kuma, awa 20 a mako ne iyakar aikinka lokacin karatu. Na san haya tana da tsada, na san ana kira daga gida, amma awa biyar na ƙari ba su kai bizarka ba. Wanda ya ce zai biya ka a hannu babu takardar albashi, ranar da ya hana ka haƙƙinka ba ka da inda za ka kai ƙara.

Ina alfahari da mutanenmu a garin nan, kuma ba na so labarin mutum ɗaya ya shafa musu baƙin jini. Na ga an tashi da asuba an ɗauko baƙo daga filin jirgi ba a san shi ba. Na ga an haɗa kuɗin jana'iza cikin yini guda. Matanmu suna dafa wa mai jego abinci har ta yi arba'in. Wanda ya ba ni falonsa bai taɓa karɓar ko kuɗin wuta ba. Amma ku ma sababbin zuwa kuna da naku laifin. Sai mutum ya saurari wani yaro a TikTok, ya tura kuɗi tun yana Kano, ya ɓoye wa kowa don kada a yi masa baki, sai ta ɓaci sannan ya nemo mu. Da ka turo mana takardar kafin ka sa hannu, minti goma ya isa a duba maka. Ƙungiyoyin taimako na Citizens Advice da Shelter ma suna ba da shawara kyauta.

Yaron nan na Katsina ya fi ni sa'a. Da muka zauna na ce ya buɗe wayarsa, sai ga shi rabin kuɗin ta banki ya tura, kuma saƙonnin WhatsApp ɗinsu suna nan, har inda mutumin ya rubuta adireshi da kuɗin wata. Mun ɗauki hotonsu duka mun buga a takarda, mun rubuta wasiƙar neman a dawo masa da kuɗinsa. Ranar Litinin zan raka shi Citizens Advice. Kafin nan yana falona, akwatinsa a bayan kujera.